Suna Ne Ke Jan Sana'a, Ko Sana'a Ce Ke Jan Suna?

Ɗana, tambayarka ta iso, kuma sai da ta ba ni dariya kafin ta ba ni aiki. Ka ce a bankin da kake aiki a wajen PZ, nan Zariya, akwai mai ƙirga kuɗi da sunan mahaifinsa Maikuɗi, duk wanda ya karanta sunan a ƙirjinsa sai ya murmusa. Ka ce kuma maiɗakinka ta kusa sauka, shi ne kake so ka ji ko da gaske suna yana jan mutum zuwa sana'a, tunda Bahaushe ya ce suna linzami ne. In haka ne, a cewarka, gara ka zaɓa wa yaron linzamin da zai kai shi gidan arziki. To, Allah ya raba lafiya.

Na daɗe ina koyar da Hausa a garin nan, kuma ba abin da na fi tarawa kamar sunaye, daga rajistar aji har allunan shagunan Tudun Wada da Sabon Gari. Abin da na gani shi ne, yawancin sunayen da suka dace da sana'ar masu su, sana'ar ce ta riga sunan zuwa. Kai ka zo ka tarar da doki da linzami a baki, sai ka ɗauka linzamin ne ya kawo shi wurin, alhali a nan aka same shi aka ɗaura masa.

Bahaushe ba suna ɗaya gare shi ba, kuma daga nan ruɗanin yake farawa. Ranar bakwai da sassafe an cika zaure, an raba goro, uba ya raɗa wa liman suna, an shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya ce an sami Muhammadu. Mahauci ya kwantar da rago, wanzami yana gefe yana wasa aska. Wannan shi ne sunan yanka, kuma da wuya ya wuce taskar da aka sani: annabawa, sahabbai, iyalan gidan Annabi, sai su Abdullahi da Abdurrahman. Ba sana'a a ciki, ba abin dariya. Amma kafin a gama fiɗar ragon, a cikin gida mata sun riga sun rufe sunan. In yaron sunan kakansa ya ci, uwar ba ta iya buɗe baki ta kira sunan surukinta, sai ya koma Abba ko Baba ko Magaji. In ɗan fari ne, kunya ta hana ta kiran sunan ko da na waye. In ba wannan, rana ta ba shi nata: Ɗanladi, Ɗanlami, Ɗanjuma, Ɗan'asabe, Bala na Laraba. Ko halin da ya zo ya tarar: Tanko mai bin mata, Kande mai bin maza, Gambo mai bin tagwaye, Cindo mai yatsa shida, Audi wanda uba ya rasu yana ciki, Shekarau wanda ya wuce watanninsa a ciki, Anaruwa, Nomau, Sallau, Azumi.

A wannan rukunin dariya take, domin suna ne da aka yanka wa jariri daidai jikinsa na ranar, shi kuma sai ya girma ya fi ƙarfin rigar. Ka ga Auta da ƙanne huɗu a bayansa, don uwar ta ɗauka ta gama, Allah bai gama ba. Ka ga Ango, wanda aka haifa ana tsakiyar biki, ya yi furfura yana tuzuru. Ka ga Alhaji wanda ko filin jirgin Kano bai taɓa takawa ba, sunan kaka ne ya ci ko kuwa lokacin aikin hajji ya faɗo. Balarabe bai san Larabcin da ya wuce na salla ba. Maikuɗi da Maiwada fata ne iyaye suka yi, kuma ka san yawan Maikuɗin da sunansu ke littafin bashin mai shago. Har sunan da ke da ɗaci a asalinsa, irin Ajuji da Ayashe da Barmani, waɗanda uwa mai wabi ke sa wa ɗa don nuna kamar ba a damu da shi ba ko ya tsaya, yakan ƙare a kan mutum mai ƙiba da jikoki ashirin.

Sai babban rukunin, wanda shi ne ya shafi tambayarka. A lungu ɗaya na cikin birni kana iya samun Garba biyar. In aka aiki yaro wurin Garba, dole ya ce wanne? Amsar ita ce sunan: Garba Tela, Garba Birkila, Garba Mai Shayi, Garba Mai Faci, Garba Direba. Ɗan ƙaramin "mai" ɗin nan ya raɗa wa Hausawa suna fiye da kowane liman. Maigoro, Maiturare, Maishanu, Mainama, Maiyadi, Maigishiri, duk a bakin kasuwa aka haife su. In mutum ya yi fice a sana'ar kuma sarauta ta zo ta haɗiye sunan gaba ɗaya: Sarkin Fawa, Sarkin Aska, Sarkin Maƙera, Sarkin Dillalai. Dubi maginin da ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830. Tsayar da mutum goma a ƙofar fada ka ce su gaya maka wane ne Muhammadu Durugu, sai su yi ta kallon juna. Ce Babban Gwani, kowa ya gane. Ba wanda zai ce sunan ne ya koya masa ɗaure bakan gizo da azara da ƙasa. Sai da ya ɗaure aka kira shi.

Laƙabi a wurinmu yana da ƙarfin da zai haɗiye abin da ya fi mutum. 'Ya'yan Sarkin Zazzau Jatau, bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya, ɗayansu Abubakar ne da ake ce wa Abu Ja saboda hasken fatarsa. Garin da ya kafa a 1828 ya ci sunansa, Abuja, kuma da gwamnatin soja ta ɗauki sunan ta ba sabon babban birnin tarayya a 1976, tsohon garin ya koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Kalar fatar mutum ɗaya ce yau ke kan takardun ofisoshin jakadanci. Alhassan Ɗantata ma, attajirin Kano da ya rasu a 1955, Tata sunan matar da ta rene shi ne.

Akwai wani dattijo a unguwarmu lokacin ina yaro, ɗinkin hannu yake yi. Ka san aikin babbar riga na Zariya, da zanen nan masu tsini da ake jerawa a gaban riga ana ce musu aska, akwai aska biyu, akwai aska takwas. Shi aska takwas ya ƙware a kai, riga ɗaya ta ɗauke shi wata da watanni, har sunansa na yanka ya ɓace kowa sai Mai Aska. Wata safiya da hunturu wani mutumin ƙauye daga wajen Giwa ya shigo unguwa a kan keke, ya goyo yaro ɗan shekara bakwai, yana tambayar gidan mai aska. Mu yara muka ruga gaba muka kai shi. Ya tarar da tsohon a zaure ya baza riga a cinya, tabarau ɗaure da zare a bayan kunne.

"Salamu alaikum, Baba. Nan ne wurin mai aska?"

"Nan ne, bismilla."

"Yaro na kawo a yi masa kaciya, tunda sanyi ya shigo."

Tsohon ya sauke tabarau ya dubi yaron, wanda ya riga ya maƙale a bayan uban. Ya ce, "Malam, askata takwas ce, amma ba wadda ta taɓa fid da jini. Sai dai nawa, in allura ta kuskure." Ya sa ni na raka su gidan wanzami na gaskiya mai zabira, can gaba da masallaci. Har yau ina tuna yadda fuskar yaron ta washe a zauren farko, ta sake ɗaurewa a na biyu.

Da can laƙabin sana'a yakan bi mai shi kabari, ko ya tsaya a ƙofar gidan a ce gidan Mai Aska. Boko ce ta daskarar da shi. Rajistar Bature tana son suna biyu, mu kuwa ba mu da sunan zuriya irin nasu. Ɗaliban da can na kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta dawo Zariya a 1949 ta zama Barewa daga baya, da yawansu sunan garinsu aka liƙa musu. Haka aka sami Tafawa Ɓalewa da Shagari da Aminu Kano, shi kansa Sardauna Ahmadu Raba ake kiransa a makaranta. Wasu aka sa musu sunan uba, kuma ba sunan yankan uban ba, wanda aka san shi da shi a unguwa. Malamin firamare ya ce wa yaro ɗan wane ne kai, yaro ya ce ɗan Maigoro, shi ke nan biro ya rubuta. Yanzu da lambar BVN da katin ɗan ƙasa suka zo, sunan ya shiga kwamfuta, kuma kai ma'aikacin banki ka fi ni sanin wahalar canja harafi ɗaya.

Daga nan abu biyu ke faruwa. Na farko, ɗa ya gaji sana'ar uba tare da sunan. A ƙasar Hausa fawa da ƙira da wanzanci da jima da rini gado ne, har ana bambanta ɗan gado da ɗan haye. Ɗan Mainama ya tashi yana riƙe wa uba ƙafar sa a mayanka, yana shekara goma ya san inda wuƙa ke bi. In ka gan shi da teburin nama ba abin mamaki, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka gidan Alƙali, inda littattafan fiƙihu ke jibge a zaure, ba a rasa mai bin hanyar shari'a. Sufeto Janar na 'yan sandan Nijeriya daga 2021 zuwa 2023 sunansa Usman Alƙali Baba, kuma ba wanda ya ji sunan ya yi masa baƙo a kan kujerar. Na biyu, ɗa ya bar sana'ar ya tafi da sunan. Nan ne wasa yake. Ɗauka a ce jikan Mainama ya karanta likitanci ya zama mai tiyata, kana kwance an rufe ka da koren ƙyalle, ka ji an ce Dakta Mainama ya iso. Ko a ce Maigishiri ne likitan da ke duba masu hawan jini.

Akwai kuma masu yi wa kansu. Mai gyaran rediyo Injiniya ne, mai kemis Dakta, mai jiran shagon wani Manaja. 'Yan dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne, kusan ba mai shiga fage da sunan yanka: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, kowa da sunan da zai nuna gidan da ya koyi naushi ko hannun da yake kisa da shi.

Wannan hanya ba tamu ce mu kaɗai ba. Haddad na Larabawa maƙeri ne, Najjar kafinta, Hariri mai alharini, Khayyam mai ɗinka tanti. Smith, sunan da ya fi kowane yawa a Ingila, shi ma maƙeri ne. Schumacher, direban tseren motan nan na Jamus, ma'anar sunansa mai ɗinka takalmi, baduku ke nan. Sai dai su nasu ya daskare tun ɗaruruwan shekaru, sana'ar ta daɗe da barin gidan, shi ya sa in suna ya dace da aiki a wurinsu suke mamaki har su rubuta a jarida. Kuma akwai waɗanda suka cancanci a rubuta. Babban alƙalin Ingila da Wales daga 2008 zuwa 2013 sunansa Igor Judge, sunan kuwa ma'anarsa alƙali. Usain Bolt na Jamaika, wanda ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a 2009, sunansa kalmar da Turawa ke faɗa wa tartsatsin aradu ce, ita ce kuma ta zabura da gudu. 'Yan gidan kallon ƙwallo sun san Arsène Wenger da ya shekara 22 yana horar da Arsenal, har yara da yawa a nan suka ɗauka da sunansa aka sa wa ƙungiyar, alhali ta girme shi nesa ba kusa ba.

Mu a Nijeriya muna da wanda ya fi duk waɗannan. Goodluck Jonathan, wato sa'a. Mataimakin gwamnan Bayelsa ne a 1999, aka tsige gwamnan a ƙarshen 2005 ya hau. Mataimakin shugaban ƙasa ne a 2007, Allah ya yi wa Umaru Musa 'Yar'aduwa rasuwa a watan Mayun 2010 ya hau, ya ɗauko Namadi Sambo na garin nan ya zama mataimakinsa. A lokacin ba majalisar shayin da ba a ce sunansa ne ke masa aiki ba. A 2015 ya faɗi zaɓe, kuma bai canja suna ba. Ban ji mai shayi ko ɗaya ya koma kan maganar ba.

Haka muke ƙirga abin. Maikuɗi ɗaya a banki ya isa hirar shekara, Maikuɗi ɗari masu turin baro a kasuwar Sabon Gari ba mai lura da su. Masana halayyar ɗan'adam a Amurka ma sun faɗa wannan ramin. A 2002 wani mai suna Brett Pelham da abokan aikinsa suka fito da bincike cewa masu suna Dennis sun yi yawa cikin likitocin haƙori, saboda sunan yana kama da sunan sana'ar a Turanci. Aka yi ta yaɗawa. A 2011 Uri Simonsohn ya sake duba lissafin ya nuna cewa masu sunan sun yi yawa cikin lauyoyi ma. Suna ne da aka yi yayinsa a wasu shekaru, masu shi suka kai shekarun aiki tare, suka cika kowace sana'a. Kamar dai ka ƙirga masu suna Buhari cikin 'yan acaɓa nan da shekara goma ka ce sunan ne ya hau da su babur.

To ina aka bar karin maganar? Ni ban yar da ita ba, amma linzamin da na yarda da shi na hali ne, kuma mutane ne ke riƙe da shi. Yarinyar da aka sa wa sunan kakarta ana ce mata Hajiya ko Mama, ba mai zaginta a gidan, ba mai dukanta a gaban uban, sai ta tashi da wani irin nauyi. Yaron da ake ce wa Malam tun yana rarrafe, in ya yi rashin ji sai a ce haba Malam, da girmanka. Wanda aka laƙaba wa sunan ba'a a aji ɗaya kuwa, na sha ganin ya daina ɗaga hannu har ya gama makaranta. Shi ya sa Alƙur'ani a Suratul Hujurati, aya ta 11, ya hana jifan juna da munanan laƙubba.

Addini bai ɗauki suna da wasa ba. A cikin Muwaɗɗa, wanda ake karantawa a zaurukan garin nan, Annabi (SAW) ya nemi mai tatsar wata raƙuma. Na farko ya tashi ya ce sunansa Murra, mai ɗaci, aka ce zauna. Na biyu Harbu, yaƙi, aka ce zauna. Na uku Ya'ishu, mai rayuwa, aka ce tatsa. A Hudaibiyya da Ƙuraishawa suka turo Suhailu ɗan Amru, Annabi ya ce wa sahabbai al'amarinku ya yi sauƙi, domin sunan daga sauƙi aka ciro shi. Bukhari ya kawo labarin kakan Sa'idu ɗan Musayyib mai suna Haznu, wato tsauri, Annabi ya ce a'a kai Sahlu ne, ya ce ba zai canja sunan da uba ya sa masa ba, Sa'idu ya ce tun daga nan tsaurin bai bar gidansu ba. Lura da abin da ke cikin waɗannan duka: kyautata fata da suna mai kyau, da ƙin mummuna. Ba inda aka ce sa wa ɗanka sunan tajiri ya yi kuɗi. Laƙabin raha kuma yana da gurbi, Abu Huraira ɗan kyanwa ne ya jawo masa nasa, kuma da shi duniya ta san shi.

Saboda haka in an sauka lafiya, sa sunan da ma'anarsa ke da kyau, wanda ba za a yi wa yaron dariya da shi a filin makaranta ba, wanda kuma za ka iya gaya masa tarihin mai shi in ya girma. Ka bincika ma'ana kafin ka ɗauko irin sunayen Larabcin nan na yayi da ake tsinta a Facebook don daɗin furuci, na sha ganin iyaye sun ji kunya da aka fassara musu. Ka tsaya a kan mai rubuta takardar haihuwa har ka ga harafin ƙarshe, kuma ka yanke tun yanzu wane sunanka zai bi nasa, na yanka ko na unguwa, don shi jikokinka za su ɗauka. Laƙabi kuwa kada ka wahalar da kanka, ba a hannunka yake ba. Kafin ka dawo daga sallamar baƙi kakarsa ta riga ta gama.

Tsohon nan Mai Aska ya daɗe da rasuwa, ɗinkin ma ya bar gidan tun da keken surfani ya karya kasuwar aikin hannu. Amma sunan ya shiga rajista, 'ya'ya da jikoki duk da shi suke amsawa. Bara na shiga wani shagon aski a Samaru, sai na ga sunan a allo da jan fenti, ashe jikansa ne. Abokan cinikinsa ɗaliban jami'a suna ta ce masa ai kai da sana'arka aka haife ka, shi kuma yana dariya ba ya musu, don tana kawo masa ciniki. Da suka fita na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce difloma ya gama ya shekara uku ba aiki, kawunsa na da ƙaramin janareta da ba ya amfani da shi, shagon kuma haya ba tsada. Na ce ko ya san wace aska ce a sunan nasa. Ya kashe injin ya dube ni ta madubi, ya ce, "Baba, ba wanzami ba ne kakan namu?"